Benen da Tukur Mai Hoto Ya Rushe

Duk wanda ya girma tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, in dai ya taɓa shiga ɗakin kakarsa ya ɗaga kai, to ya san benen Alhaji Yero Mai Goro. Yana nan rataye sama da jeren kwanuka, cikin gilashin da ƙudaje suka gama sa wa hannu. Za ka ga wani saurayi ya tsaya ƙiƙam, ya karkata hula, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da rediyo, bayansa kuwa ga bene ya miƙe sama kamar ba zai tsaya ba. In ka tambaya, sai tsohuwa ta gyara zama ta ce, "Kakanka ke nan, lokacin yana Ikko." To wanda ya ɗauki hoton nan, da na maƙwabtanku, da na maƙwabtansu, mutum ɗaya ne, Malam Tukur Mai Hoto, kuma duk a ƙuryar shagonsa da ke bakin kasuwar Dutsin-Ma ya ɗauke su.

Tukur ɗan Wurma ne. Yana saurayi ya ɗaura niyyar cin rani a Ikko, ya bi gida gida ya yi sallama, tsofaffi suka sa masa albarka. Motar da ya shiga ta mutu a Funtuwa, shi ma tafiyarsa nan ta mutu. Ya samu wani mai hoto a bakin tasha yana neman mai wanke masa hotuna, ya zauna, har damina biyu ta wuce. Ranar da ya dawo da kyamara a wuya da wando mai faɗin ƙafa, mutane suka tare shi da "Maraba da mutanen Ikko." Bai musa ba, ya ce, "Yauwa." Daga wannan yauwa ɗin komai ya taso.

Cikin kayan da ya dawo da su akwai wani labule mai kauri, aikin Manu, mai fentin manyan motoci a tashar Funtuwa, gwanin zana zaki da dabino a bayan tirela. Tukur ya kai masa yagaggiyar kalanda mai hoton wani dogon bene, sama ta yage, ƙasa ta yage, tsakiya kawai ta rage. Manu bai taɓa ganin ginin da ya wuce hawa biyu ba, amma mutum ne mai hankali, ya san yadda gida yake. Ya zana tagogi jere a kan jere, ya sa wa kowane hawa indararo don saukar ruwan sama, ya kafa zankwaye a can ƙololuwa. A ƙasa kuwa ya yi zaure mai ƙofar katako, da dakali, da buta a gefe.

"Anya akwai zaure a irin wannan?" in ji Tukur.

"Gida kamar wannan a ce ba zaure?" in ji Manu. "To baƙo a ina zai yi sallama?"

Tukur ya ga lalle maganar tana kan hanya, ya naɗe labulensa.

Sana'ar ta kankama ne a ƙarshen rani. Akwai maza da yawa da kan bar gida bayan girbi da sunan sun tafi kudu, alhali iyakarsu ban ruwan albasa a bakin madatsar Zobe, ko dakon buhunan hatsi a kasuwar Dutsin-Ma, suna kwana a rumfa suna sunne kai in sun hango ɗan garinsu. Ba laifi suka yi ba, neman halali ne, amma wa zai koma Makera ko Wurma ya ce wa surukai tafiyar tasa ba ta fi ta jaki ba? To da hadari ya fara haɗuwa sai ka ga suna zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa shagon Tukur. Ya shigar da mutum ƙurya, ya sauke labule, ya ara masa rediyo da agogo da baƙin tabarau, ya ce, "Ɗaga haɓa. Kada ka yi dariya, mutanen Ikko ba su dariya."

Abin da ya bambanta Tukur da sauran masu hoto shi ne, ba ya sallamar mutum da kati kawai. Ya san za a yi tambaya a gida, don haka kowane hoto da labarinsa yake tafiya. Sai ya zaunar da kai a benci ya biya maka, kai kuma ka maimaita, kamar karatun allo. Wai benen na wani Bakatsine ne, Alhaji Yero Mai Goro, wanda ya yi arziki a Ikko har ya rasa inda zai sa shi, amma kewar gida ta hana shi sakat. Sai ya yi rantsuwa zai yi gini har ya hango dutsen Dutsin-Ma daga saman soronsa. Duk shekara ya ƙara hawa ɗaya, ya hau ya sa hannu a goshi ya duba arewa, bai ga komai ba sai hayaƙi, ya sauko ya kira magina. Saura hawa ɗaya tak ya hango, Allah ya karɓi abinsa. Kuma har gobe, in ji Tukur, duk ɗan arewan da ya isa zauren nan ba a tambayarsa daga ina, tuwo ake fara miƙo masa.

Masu tsayawa gaban labule sun san labule ne, ai ba makafi ba ne. Amma sun yi imani benen yana can a Ikko, Tukur ya gan shi da idonsa, ƙafarsu ce kawai ba ta kai ba. Da labarin ya bazu, sai ya zama na Kurfi ya faɗa, na Makera ya gaskata, na Wurma ya ƙara da cewa shi har tuwon ya ci, miyar ce dai gishiri ya yi mata yawa. Abin dariyar ma, waɗanda suka je Ikko da gaske, suka yi yawo ba su ga bene mai zanko ba, kunya ta hana su faɗa, kada a ce iyakarsu bayan gari. Su ma sai su biyo ta shagon Tukur kafin su isa gida.

Wata damina ɓeraye suka ci tagogi uku a tsakiyar benen. Matar Tukur, Kande, 'yar Makera, mace mai ƙarancin magana da yawan kallo, ta ɗauko ragowar wata shuɗiyar atamfa ta ankon biki ta yi faci. Tukur ya duba ya ce, "Kin ɓata mini gini." Ta ce, "To Malam, sai ka kira magina." Daga ranar labarin ya samu ƙari: magadan Alhaji Yero sun sa wa hawa na tsakiya gilashi mai fure, daga ƙasar waje aka yo odarsa.

Cikin waɗanda suka tsaya gaban gilashi mai furen akwai Zubair, wani manomi daga Makera, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku ƙanana. Ya karɓi hotonsa, ya ba wani direba ya kai wa matarsa Fatu, shi kuwa bai bi hoton ba. Wasu sun ce an gan shi a tashar Kano, wasu sun ce Maraɗi ya nufa. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Fatu ta rataye hoton, ta rene 'ya'yanta da sana'ar daddawa, duk wanda ya tambayi ubansu ta nuna bango.

Shekaru suka ja. Waya ta shigo, kowane yaro ya zama mai hoto, har da masu ɗaukar kansu da kansu suna turo baki, abin da Tukur ya ce ko a mafarki bai zaci ɗan Musulmi zai yi ba. Ciniki ya koma na hoton fasfo, labule ya koma cikin buhu a ƙarƙashin gado. Amma mutuncinsa bai ragu ba. Kullum da la'asar dattawa na taruwa a ƙofar shagonsa, kuma in gardama ta tashi a kan wani abu na birni, shi ake juyowa a kalla. Sai yanar ido ta rufe masa gani. Ɗiyarsa Lubna, wadda ke aure a Ikko, ta aiko cewa mijinta Abdullatif ya shirya da wani likita, Baba ya zo a cire masa.

Labari ya riga shi fita gari. Washegari sai ga Alhaji Ja'afar, babban dillalin hatsi a Kurfi, wanda ke shirin neman kujerar siyasa. Hoton marigayi mahaifinsa a gaban benen yana falonsa, an faɗaɗa shi ya kai girman ƙofa, kuma ya sha gaya wa baƙi cewa tsohon abokin cinikin Alhaji Yero ne. Tukur kuwa ya tuna tsohon sarai, da warin albasar Zobe ya shigo masa shago.

"Baba Tukur, Allah ne ya kawo wannan tafiya," in ji Alhaji Ja'afar. "Yaran zamani sun fara surutu, wai sun bincika a waya ba su ga benen ba. Ka ɗauko mana sabon hotonsa, mai kala, in haɗa da na mahaifina a fosta, kowa ya kama bakinsa."

Dattawan majalisa suka ce ƙwarai kuwa, a ɗauko, su ma suna so su ga ko an sake fenti. Tukur ya ce, "In Allah ya yarda." In ya dawo hannu rabbana, ba shi kaɗai zai ji kunya ba. Rabin dattawan da ke zaune a bencin nan, da iyayen sauran rabin da ke kwance a maƙabarta, duk asirinsu a cikin buhun nan na ƙarƙashin gadonsa yake.

Ana jibi zai tafi, Fatu ta yi sallama a gidansa. Ta tsufa, ta ranƙwafa, amma muryarta na nan. Ta gaisa da Kande, sannan ta tura wani ƙulli gaban Tukur.

"Malam Tukur, daddawa ce. In ka je zauren nan ka tambaya ko akwai wanda ya san Zubair na Makera. In ka same shi ka ba shi, yana son ta a miyar kuka. In ba ka same shi ba ka bar wa masu tuwon."

Ya karɓa. Kande ta dube shi, ya dubi ƙasa.

Aikin ido ya yi kyau, har ya fi yadda Tukur ya so, don yanzu komai tar yake gani. Da ya ɗan warware, ya ce wa surukinsa ya kai shi unguwar dogayen gine-gine. Lubna, wadda ta yi wasan ɓuya a bayan labulen nan tana yarinya, ta ja shi gefe.

"Baba, ka bari mana Abdullatif ya sa a haɗa maka a kwamfuta. Za a ɗora zankwayen a kan wani bene, ba mai ganewa."

Tukur ya fusata. "Ke, kiyaye ni. Shekara nawa ina sana'ar nan, kin taɓa jin na yi ƙarya da hoto?"

Suka tafi. Ya sauka daga mota, ya ɗaga kai, hularsa ta faɗi. Ga su nan jere, sun fi na Manu tsawo nesa ba kusa ba, kuma wallahi bai ga abin sha'awa ba. Gilashi ne tun daga ƙasa har sama, ba zanko, ba indararo, ko ta ina ruwan sama ke sauka oho. Ba dakali, ba buta, ba inda baƙo zai tsaya ya yi sallama. Ƙofar ma da kanta take buɗewa ta rufe, kamar gidan ba shi da yara. Ya zaɓi wanda ya fi tsawo ya sa kyamara a ido, bene ya ƙi shiga. Ya ja baya, ya ƙi. Ya ƙara ja har ya faɗa titi, wata motar haya ta kusa kwashe shi, direban ya leƙo ya zazzaga masa wani abu da Yarbanci wanda ko ba tafinta ya san ba addu'a ba ce.

Sai ga mai gadi da kulki, yana ɗaga hannu, ba a ɗaukar hoto a nan. Da suka matso kusa, ashe Bazamfare ne. Aka gaisa, aka tambayi gida, fuska ta saki.

"Ɗan'uwa, wa ya gina wannan?" in ji Tukur.

"Kamfani."

"Wane ne kamfani? Ɗan wane gari ne? Me ya dame shi ya yi gini haka?"

"Wallahi Baba ban sani ba. Na shekara shida a ƙofar nan, ban taɓa wuce hawa na ɗaya ba."

"Ana ba baƙo tuwo?"

Mai gadi ya yi dariya har ya dafa bango.

Tukur ya koma mota ransa a ɓace. Hoto ɗaya ya samu, shi ma ba bene a ciki, sai wani tsoho da auduga a ido riƙe da kyamara, gilashin ya maido masa da kansa. Ya ji haushin Ikko, ya ji tausayin Alhaji Yero, mutumin da shi ya ƙirƙira da bakinsa, wanda da yana nan da waɗannan marasa kunyar gine-ginen sun tare masa arewa. Suna cikin cunkoso a hanyar komawa, sai ya hango wani fili an kewaye da kwano, ta wata kafa ana ganin tulin ɓaraguzai da katafila tana turawa. Ya ce, "Tsaya." Ya sauka ya gyara tsayuwa, ya ɗauki hoto mafi kyau da ya taɓa ɗauka a rayuwarsa. Daddawar kuwa Lubna ta yi masa miyar kuka da ita, ya ci.

Ranar da ya dawo majalisa ta cika har titi. Ya bari aka gama yi masa barka da ido, sannan ya zaro hoton daga aljihu, ya ajiye a benci, ya sunkuyar da kai.

"Sun rushe shi," ya ce. "Wai za su yi wurin ajiye motoci."

Wuri ya ɗauki salati. Hoton ya bi hannu hannu. Wani tsoho daga Wurma ya kai shi dab da hanci ya ce ga guntun dakalin nan, a kansa ya yi sallar azahar. Wani ya gane ɓallin gilashi mai fure. Wanda ya taɓa kukan gishiri ya yi yawa ya ce Allah ya yafe masa, miyar ba ta da laifi, bakinsa ne. Alhaji Ja'afar ya share ido da bakin babbar riga, ya ce dama mahaifinsa ya sha faɗa, magadan nan ba za su riƙe amana ba. Kafin mako ya zagayo fostarsa ta fito, mahaifinsa a dama, ɓaraguzai a hagu, a ƙasa an rubuta cewa in an zaɓe shi ba za a sake rushe tarihi ba. Yaran da ke bincike a waya aka ce musu to ga dalili, sai su je su nemo abin da babu. Mutane suka riƙa zuwa yi wa Tukur jaje har gida, wasu da ƙwaryar fura. Ya karɓi gaisuwa da fuskar maraya, a ransa kuwa yana cewa ya yi dabarar da ko Manu sai ya sara masa.

Fatu ce ta zo ƙarshe, da hantsi, bayan ƙafa ta ɗauke. Ta ajiye takalmanta a bakin ƙofa, ta zauna a gefen tabarmar Kande. Ba ta yi jaje ba.

"Malam Tukur, an ce ka rushe benen."

"Ba ni ba, Fatu, hukuma ce. Kin san mutanen birni."

"Kai dai ka rushe shi." Ta juya ta dubi Kande. "Shuɗiyar atamfar nan mai fure, ta ankon bikin ƙanwarki ce. Tare muka saya, tawa na nan a ƙasan adaka. Tun ranar da direba ya miƙo mini hoton na gane ta a tagar."

Kande ta ci gaba da tsince shinkafarta.

"Ban zo tona maka asiri ba," in ji Fatu. "Da ina so, da na yi tun gashina yana baƙi. Amma yaran nan da benen na rene su. In sun yi kukan uba, in ce yana can zauren Alhaji Yero, ana ba shi tuwo, aiki ne ya riƙe shi. Sun girma, sun san abin da suka sani, ba su taɓa ce mini ƙarya nake ba. Yanzu jikoki ke tambaya. Jiya ƙaramar ta dawo daga makaranta ta ce, Iya, an ce an rushe gidan su Kaka, to yanzu a ina yake kwana?" Ta gyara lulluɓi. "Shi ne na zo in ji daga bakinka, tunda kai ka kai shi can. A ina zan ce yake?"

Tukur ya dubi tabarma. Tunda ya fara sana'a bai taɓa rasa labari ba, ko an tashe shi daga barci, amma yau ya nema ya rasa, kuma kunya ta kama shi irin wadda bai ji ba ko a gaban mai gadin nan. Ya tuna duk dattawan da ya fitar kunya da hoto ɗaya, bai tuna da mutum ɗaya da ke zaune a cikin benen ba.

Can ya yi gyaran murya.

"Ai ba ki bari na gama ba, Fatu. Sama suka rushe. Zauren ba su taɓa shi ba, kwanon da suka kewaye wurin ne ya tare shi a hoto. Yana nan da dakalinsa, mutane na zaune."

"Ana tuwon?"

"Ana yi."

"Daddawar fa?"

"Can na bar ta. Ban tarar da shi ba, an ce ya ɗan fita."

Fatu ta gyaɗa kai a hankali. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ce wa Kande sai an jima, ta sa takalmanta.

"To haka zan gaya mata," ta ce, ta fita neman motar Makera.